Malam, Sakar Wa Yaron Nan Loɓarsa

Labari ya iso ni, Malam. An ce jiya Goggo na yi wa ɗanka ɗan shekara biyu wanka, ta ja fatar kan gabansa ta ƙi komawa baya, gida ya rikice kamar kura ta faɗo garke. Ka ce yaro a toshe yake? Wa ya duba maka? Kai ma haka ka zo duniya, Inna ce kawai ta rufa maka asiri.

Loɓar jariri manne take da kan kaciya, bakinta a tsuke, kuma haka Allah ya yi ta. Wani likitan yara a Ingila, Douglas Gairdner, ya wallafa a 1949 cewa jarirai 4 kacal cikin 100 ne tasu ke ja baya ranar haihuwa, amma kafin su wuce shekara 3 kusan 9 cikin 10 ta saki da kanta. Ka ce ai 'ya'yan Turawa ya ƙirga? To, gaya mini ranar da aka fara ɗinka wa 'ya'yan Kabawa fata ta daban.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kai ne fa mai haƙurin wata da watanni a bakin kogin Matan Fada, kifi na yi maka gwalo, ba ka tsoma homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ruwa ka iya jira, fatar ɗanka ce ba ka iya jira?

Ka ce ka hango wani farin abu kamar tsabar gero a ƙarƙashi, mugunya ce? Maiƙon jiki ne da ɓawon fata, zai fito da kansa. Ka ce kan na hura kamar balan-balan in yana fitsari? In fitsarin na zuba babu kuka babu yunƙuri, bar shi ya yi wasansa. A wanke waje da ruwa, shi ke nan. Jan da Goggo ke yi da ƙarfi shi ke tsaga fatar, ta warke da tabo, tabon ya ƙara tsuke bakin. Ciwon da babu shi jiya, yau an ƙera shi da hannu. Mafi muni, fatar ta ja baya ta maƙale, ta shaƙe kan kamar zobe a kumburarren yatsa. Wannan kam ba a jiran asuba, asibiti ake yi ko da tsakar dare ne.

Ka ce surutun banza nake, tunda hunturu na tafe wanzami zai raba gardama? Nan ka ɗan kama ni, kaciya kan kashe maganar. Amma akwai yaron da ba zai jira sanyi ba: wanda bakin loɓarsa ya yi farin zobe mai tauri, ko fitsarinsa ke fitowa siriri kamar zare yana nishi, ko wurin ke ja da kumburi da ruwan ciwo a kai a kai, ko zafin fitsari ya haɗu da zazzaɓi. Shi a nufi Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu. Sau da yawa ma ba a kai ga wuƙa: likita kan rubuta man shafawa irin su betamethasone, a shafa mako 4 zuwa 8, fata ta yi laushi. Likita na ce, ba man bilicin ɗin amarya ba, na ga idonka ya kai kan madubi.

Akwai kuma wanda aka haifa ƙofar fitsarinsa a ƙasa, loɓar rabi kamar hular da aka tura ƙeya. Shi kada aska ta kusance shi, da wannan fatar likitan tiyata kan yi gyara. Haka yaron da jini ke wuyar tsayawa a danginsa.

Ka ce ina son hana wanzami cin abinci? Ni? Mutumin da ke ɗora mini aska a maƙogwaro duk ranar Juma'a? Rufa mini asiri, Malam. In ranar ta zo ka kira ni, a ajiye mini cinya cikin kazar ɗan kaciya.