Bayani A Kan Injin Da Ya Ƙi Mutuwa A Apo

Motar zango, wadda wasu ke kira motar kwana, ƙaramar bas ce da aka cire kujerun bayanta aka sa gado da murhu da ɗan wurin wanke kwanuka a madadinsu, domin mai ita ya kwana duk inda dare ya riske shi ba tare da neman masauki ba. Al'ada ce ta Turawa, musamman Jamusawa, kuma kamfanin Westfalia ya yi suna tun cikin shekarun 1950 wajen mayar da motocin Volkswagen irin wannan ɗaki mai taya. Samfurin da wannan bayani ya shafa shi ne Transporter T4, wanda aka ƙera daga 1990 zuwa 2003, kuma shi ne na farko a zuriyarsa da aka ɗauke injinsa daga baya aka dawo da shi gaba, ta yadda ƙafafun gaba ne ke jan motar. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙafafun gaba, domin zai dawo a lokacin da ba a bukatarsa.

Irin waɗannan motoci kan iso Nijeriya bayan sun ci ƙuruciyarsu a Turai, cikin kayan da ake kira Beljiyam ko tokunbo, kuma galibi da saukarsu ake fitar da gadon a jera benci a shiga ɗaukar fasinja. Wadda mai wannan rubutu ya saya ta tsira da gadonta har da labule, shi kuwa ma'aikacin ofis ne a Abuja wanda iliminsa na inji ya tsaya a kan sanin inda ake zuba ruwa. Niyyarsa ita ce ya kai iyalinsa magangarar ruwan Gurara da ke Jihar Neja, daga baya kuma Yankari ta Jihar Bauchi, ko da yake uwargida ta bayyana tun ranar farko cewa duk magidancin da ke biyan kuɗin haya a Lugbe kuma ya sayi motar da zai riƙa kwana a ciki, akwai maganar da bai faɗa ba. A mako na uku injin ya buga a hawan Kugbo, tsakanin Nyanya da AYA, aka jawo motar da igiya zuwa ƙauyen makanikai na Apo, inda garejoji da shagunan kayan gyara suka cuɗe da juna, kuma inda kusan kowace mota a birnin kan je ziyara ko ba daɗe ko ba jima.

Masana Apo sun kasu mazhaba biyu game da injin da ya buga. Ta farko tana ganin a sauke shi a wargaza, a kai karanshaf a yanka, wato a goge sandar da fistin ke juyawa har ta koma sumul, a sa sababbin zobba da gasket a sake ɗaurewa. Ta biyu kuwa tana ganin ɓata lokaci ne, gara a sayo wani injin Beljiyam ɗungurungum daga kasuwar Ladipo ta Legas a ɗora. Mai motar, saboda girmama malamai, ya bi duka biyun ɗaya bayan ɗaya. Injin da aka ɗaure ya rayu kwana goma sha ɗaya, sannan aka koma wa mazhaba ta biyu, aka kawo inji mai silinda huɗu, lita 1.9, mai shan man gas kuma mai turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa wa inji ƙarin iska.

Kafin a kai ga abin da ya faru ranar gwaji, wajibi ne a fahimci wata ɗabi'a ta injin gas, wanda Rudolf Diesel ya samu takardar mallakar fasaharsa a Jamus a 1893. Injin fetur yana bukatar tartsatsin fulogi kafin mai ya kama, saboda haka da an murɗa makulli an yanke wuta sai ya mutu nan take. Injin gas kuwa matse iska yake yi har ta yi zafin da duk man da ya shigo zai kama da kansa, kuma aikin makulli wajen kashe shi bai wuce rufe hanyar man da ke zuwa daga tanki ba. Ma'anar wannan ita ce, idan injin ya samu wani abin ƙonawa ta wata ƙofa, misali baƙin man da aka zuba masa domin santsi ya yi yawa har ya hau bututun numfashi ya faɗa hanyar iska, to zai ci gaba da shan man jikinsa, gudunsa na ƙaruwa, ƙaruwar gudun na jawo ƙarin mai, ba ruwansa da makulli ko totur ko mai motar. Hanyoyin tsayar da shi sanannu ne: a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci domin ya shaƙe, ko kuma a toshe masa iska gaba ɗaya.

Wannan inji yana ɗaukar baƙin mai wajen lita biyar, kuma babban yaron gareji ya zuba masa su cif da safe, ya tafi cin abinci. Mai motar ya iso da hantsi daga wajen ɗaurin aure, sanye da farar shadda da hula zanna bukar, riƙe da galan mai lita huɗu da ya saya da kuɗinsa domin kada a ce bai sa hannu a aikin ba. Da ya tarar babu kowa kusa, sai ya buɗe murfin ya juye galan ɗin duka, bai zaro sandar awon mai ya duba ba saboda bai san tana nan ba, sannan ya goge hannunsa ya zauna a benci da natsuwar wanda ya yi sadaka a ɓoye.

Da misalin ƙarfe goma sha biyu maigidan gareji ya ce a gwada, kuma domin karramawa ya miƙa makullin ga mai motar. A lokacin gaban motar na ɗage a kan tsofaffin rim da katako, an cire ƙafafun gaba biyu, ba a kuma haɗa bututun iska da matatarsa ba tukuna. Injin ya tashi a bugu ɗaya, yara suka yi tafi, mai motar ya leƙo ta taga yana karɓar barka kamar shi ya ƙera shi, har ya ɗan taka totur sau biyu domin jama'a su ji murya. A taku na uku ya ɗage ƙafarsa, amma muryar ba ta sauka ba. Ta ci gaba da hawa, daga gurnani zuwa kururuwa, daga nan zuwa wani sauti mai kama da injin niƙa da aka jefa wa tsakuwa, yayin da hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe daga salansa ya rufe garejin da ke maƙwabtaka da mai sayar da shinkafa da ke bayansa.

Mai motar ya murɗa makulli ya kashe, ya zare shi, ya diro ƙasa. Wannan shi ne lokacin da binciken nan ya fi mayar da hankali a kai, domin shaidu sun haɗu a kan cewa ya tsaya a gaban motar ya ɗaga makullin sama da hannun dama, yana nuna wa jama'a, yana juyawa gabas da yamma kamar mai gabatar da hujja a gaban alƙali, alhali a bayansa injin na ihu yana girgiza motar har labulen Jamus na kaɗawa. Abin da yake nufi, gwargwadon yadda ya iya tunawa daga baya, shi ne a shaida cewa shi ya yi nasa, saura na motar. Babu wanda ya tsaya karɓar shaidar. Maigidan gareji ya yi tsalle ya shiga ya sa giya ta biyar ya taka birki ya saki kuloci, kamar yadda ilimi ya tanada, sai dai kulocin da ya sha hawan Kugbo ya riƙa zamewa yana ƙauri, kuma babu tayar gaba a ƙasa da za ta taimaka wa birki, don haka ya fito ta ɗaya ƙofar bai rage gudu ba. Masu sayar da kayan gyara suka ja ƙofofin shagunansu, wani mai gyaran lantarki ya haura katanga da waya a baki, mai motar kuwa yana nan da makulli a sama.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba, wani dattijo mai tallan carbi da turare da asuwaki, wanda ke zaune a kan tsohuwar taya tun safe yana ɓare goro. Ya dubi mai motar cikin tausayi ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, kashe ta mana." Aka nuna masa makullin. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta, ya ce, "To ai shi ne, ka cire da gaggawa. Mayar da shi ka sake cirewa a hankali." Tarihi zai rubuta cewa mai motar, mutum mai digiri biyu, ya koma cikin hayaƙin ya mayar da makullin ya sake zare shi a hankali, har da bisimilla. Da ya fito yana tari, dattijon ya ba da fatawa ta biyu, cewa a cire kan batir, aka samu wani yaro ya cire, injin bai ko lura ba tunda ba ya bukatar wuta. Fatawa ta uku ita ce a ƙyale ta, motar Jamus ce, ba ta son a yi mata tsawa, idan ta gaji za ta yi shiru da kanta, kuma a nan ne kaɗai dattijon ya kusanci gaskiyar kimiyya, domin irin wannan inji yakan yi shiru da kansa bayan ya shanye mansa ko ya harbo ƙarfe ta gefensa.

Daga bayan wata tifa maigidan gareji ya yi ta ihu cewa a toshe iska. Mai motar ya duba hagu da dama bai ga abin toshewa ba, sai ya cire hularsa, wadda aka yi wata biyu ana ɗinka ta da hannu, ya kifa a bakin bututun. Hula zanna bukar zare ce, iska na ratsa ta, kuma ƙarfin zuƙar injin a wannan gudu ya fi ƙarfin ɗinki, saboda haka ya ji an fizge, ya ja, aka ja, sannan tsakiyar hular ta shige ciki da wani ɗan sauti kamar na haɗiyar loma. Injin ya yi tari sau ɗaya ya ci gaba. Yanzu mai motar na tsaye kai babu hula, makulli a dama, zagayen hula a hagu, gaban shaddarsa ya koma kalar gawayi, dattijon kuma ya yi sharhi daga kan tayarsa cewa da damanga ce da ta fi kauri.

Wanda ya kawo ƙarshen lamarin shi ne ƙaramin yaron gareji, wanda shekarunsa ba su fi goma sha uku ba kuma aikinsa wanke sifana. Ya zo a guje da farantin silba na mai shinkafa, ya zubar da sauran miyar, ya manna shi a bakin bututun ya danne da hannu biyu, bututun ya tsuke, injin ya yi shaƙuwa ya mutu. Duka abin bai kai minti biyu ba. A cikin shirun da ya biyo baya maigidan gareji ya zaro sandar awon mai ya duba, ya goge ya sake dubawa, sannan ya tambayi babban yaronsa lita nawa ya zuba, yaron ya rantse biyar ne. Idanu suka koma kan galan ɗin da ke ajiye a ƙarƙashin benci, wanda har yanzu rasit ɗinsa na leƙowa daga aljihun farar shaddar. Maigidan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yallaɓai, da ka bari mun kashe ta da kanmu, da ya fi sauƙi." Dattijon bai yarda da wannan hukunci ba, ya ce shi a saninsa mai ba ya yawa, ko a tuwo, sannan ya yi wa mai motar tayin turare saboda ƙaurin da ke jikinsa, aka kuwa saya.

Binciken da aka yi washegari ya nuna turbo ya tafi, an kuma samu zaren hula ja da kore a wuraren da littafin kamfani bai ambata ba. Mai shinkafa ta karɓi kuɗin faranti da na miya. Uwargida, da ta ga mijinta ya dawo da zagayen hula a hannu, ba ta yi tambaya ba, ta dai ce a cire takalmi a waje.

Motar tana nan a Apo a kan rim da katako, tana jiran ko dai inji na uku ko kuma ranar da za a mayar da makanikan Apo zuwa Wasa kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Gadon yana aiki lafiya, maigadin layin ne ke kwana a kai, kuma ya aiko a gaya wa mai motar cewa labulen taga ɗaya ya yage.