Ƙotar Wuƙarka Ta Fi Ƙarfin Minti Huɗu, Alhaji

Na san abin da za ku ce. Shinkafa ta yi tsada, kuɗin haya a Wuse II ya fi ƙarfin mai albashi, shi kuwa wannan bawan Allah bai ga abin rubutu ba sai gam ɗin liƙa ƙotar wuƙa. To, ku yi dariyarku iya son ranku. Mu haɗu ranar Babbar Sallah da hantsi, an kayar da rago, yara sun danne ƙafafu, maƙwabta sun zuba ido, maigida ya ja wuƙa, ƙarfe ya tsaya, ƙota ta biyo hannunsa.

Ka shiga Kasuwar Wuse da ke Zone 5, ka tsaya gaban mai sayar da ƙusa da kwado da tef, ka ce ƙotar wuƙa ce ta ɓalle. Abu uku zai miƙo maka: sufa gulu, da gam mai bututu biyu wanda ake kira da sunan mintinsa, huɗu ko biyar, sai kuma ɗan'uwansa mai nawa, wanda sai ya kwana kafin ya kama. Kusan kowa na biyun yake ɗauka, don mutumin Abuja ko fitilar kan hanya ba ya son jira, balle gam. Ni kuwa na ukun nake goyon baya, kuma ina sane da cewa na tsokano rundunoni da yawa.

Bari in fara da 'yan sufa gulu, tunda su ne suka fi yawa kuma suka fi taurin kai. Ranku ya daɗe, ban ce gam ɗinku ba ya kamu ba. Ya kama yatsun kowa a cikinku, shi ya sa kuka yarda da shi. Wani Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da sinadarin a 1942 ana neman robar da za a yi madubin saitin bindiga, kamfanin Eastman Kodak ya fito da shi kasuwa a 1958. Halinsa shi ne yana son fuska biyu da suka haɗu ƙam, babu rata ko ta gashi. Ku duba wutsiyar wuƙar da maƙeri ya buga daga tsohon sifirin ɗin mota, ku gaya mini inda take a shafe haka. Ba ya cike gurbi, in ya bushe kuma ƙaras yake, ba ya jure duka. Sara ɗaya a ƙashin sa, ya tsage. Masu barbaɗa masa yashi ko toka wai don ya yi ƙarfi, sannunku da ƙoƙari, kun dai gina dutse a bakin ƙofa, cikin ɗaki babu kowa.

Ga mahauta can suna murmushi, su da suka yanke hukunci tun tuni: a yanko robar tsohon tub ɗin babur, a naɗe ƙota tam, a ci gaba da fawa. Sarkin Fawa, Allah ya ja zamaninka, a gaban barhonka ba na ɗaga murya. Roba tana riƙewa, ba ta santsi a hannu mai maiƙo, kuma ba a sayenta. Amma ka kwance ta bayan wata biyu ka sa hanci. Jini da kitse da ruwan wanki duk can ƙarƙashi suke taruwa, ƙarfe na tsatsa, icce na ruɓewa, gobe kuma da wannan wuƙar za a yanka wa Hajiya tsokar miya. A nan ne babban aikin gam ɗin ifoksi, wato mai bututu biyun nan, yake, wanda masu gardamar ƙarfi ke mantawa: yana toshe tsakanin icce da ƙarfe, ruwa ya rasa mashiga.

Sai dattawan da ke cewa kakanninmu ba su san wani gam wai shi Araldite ba, wuƙaƙensu kuma har jikoki suka gada. Gaskiyarku, Baba. Maƙeri yakan gasa wutsiyar ƙarfe ta yi ja, ya cusa ta cikin ƙirya ko marke, ta ƙona wa kanta hanya daidai jikinta, sannan ya sa zobe a wuya ko ya lanƙwasa tsinin ta baya. Wannan aiki ne, ban raina shi ba. Sai dai wuƙar da ke kicin ɗin jikarka a Zone 6 ba wannan ba ce. Falle biyu ne na icce ko roba aka manna wa farin ƙarfe hagu da dama, kuma in ka sa ta a wuta ka kashe kaifinta. Ƙaro kuwa, in wani ya kawo shi cikin maganar, a bar shi wa tawada, tunda ruwa ke narkar da shi.

Shi ifoksi ba bushewa yake yi ba, kuma rashin gane wannan ne ke ɓata aikin mutane. Bututu ɗaya ruwan gam ne, ɗayan sinadarin da ke daskarar da shi. In an gauraya su sai su sarƙe da juna su zama abu guda mai tauri, har ɗumi za ka ji suna fitarwa. Wani masanin sinadarai a Suwizalan, Pierre Castan, yana wa kamfanin kayan haƙori aiki a shekarun 1930 ya gano hanyar haɗa shi, kamfanin Ciba ya fito da shi da sunan Araldite a 1946. A 1983 masu tallarsa suka liƙe mota sukutum, ƙirar Ford Cortina, a jikin allon talla a titin Cromwell da ke Landan, mutane na wucewa ta ƙarƙashi suna ɗaga kai. Saboda haka mai cewa gam ba zai riƙe icce rabin taƙi ba, ya nemi wata hujjar.

Rigimata da mai minti huɗu ce. Abin da ke sa shi sauri wani sinadari ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kun san warin ai, shi ne yake sa yara su toshe hanci in kanikawa na liƙa lagireto. Saurin nan da tsada ake sayensa. Bai samu lokacin ratsa ƙofofin icce ba ya riga ya daskare a sama, ya fi ɗan'uwansa saurin tsagewa, kuma zaman ruwa na cin ƙarfinsa. Ƙari a kan haka, mintin da aka rubuta a kwali an auna shi ne a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai. A zafin Abuja na watan Maris, huɗun nan ba ta cika. Kana cikin daidaita falle na biyu na farko ya riga ya kafe, sai ka danna da ƙarfi, ka karya kamun da ya fara, ka ce kaya jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba, amma ba kowane laifi ne nasa ba. Mai nawa kuwa yana ba ka sama da awa guda kana gyara zama, ya kwana, gobe ya tashi da ƙarfinsa.

Yanzu ga 'yan boko, masu odar kaya ta intanet suna karɓa a bakin Banex. Su da lamba suke zuwa. J-B Weld, wanda aka fara yi a Texas a 1969, an rubuta masa 5,020, wato kusan kilo 350 a kan kowane santimita murabba'i. Devcon 2 Ton an rubuta masa 2,500. To, shi ke nan, in ji su, na farko ya ninka na biyu, a rufe taro. Yallaɓai, lambar kan kwali kamar kuɗin farko ne da ɗan kasuwar Wuse ke yanka maka, daga nan ake fara magana. An samo ta ne a ɗakin gwaji, inda ake jan abu a miƙe, a hankali, a kan tsabtataccen ƙarfe. Wa ya taɓa jan ƙotar wuƙa a miƙe a hankali? Sara ake yi da ita, a murɗa, a banƙare gaɓa, ta faɗo daga tebur kan siminti. Gam yana da ƙarfi in ana zamar da fuska kan fuska, amma in aka samu baki guda aka fara ɓamɓara, ƙarfin nan ba ya kai ko'ina.

Sannan akwai abin da ɗakin gwaji bai sani ba, wato damina da hunturu. A watan Agusta icce na shan laima ya kumbura, a Janairu iskar hunturu ta tsotse shi ya motse, ƙarfe kuma yana nan yadda yake. Duk shekara ana wannan ja-in-ja, gam ne a tsakiya. Wanda ya cika tauri shi ke fara sakin gefe. Shi ya sa maƙeran wuƙa da yawa a Amurka suka fi son G/flex, gam ɗin kamfanin 'yan'uwan Gougeon masu ƙera jiragen ruwa a Michigan, alhali lambarsa ba ta kai ta J-B Weld ba. Yana ɗan miƙewa ya dawo, ya bi icce inda ya tafi. Ga shi kuma J-B Weld toka-toka ne mai duhu, sai ya ja maka baƙin layi a gefen farar ƙota, kowa ya san an yi faci.

Zafi kuwa babu gwani a cikin na gama-gari. Yawancin waɗanda ake gaurayawa da hannu suna fara laushi in suka kai wajen digiri 60, shi ya sa mai son cire tsohuwar ƙota yake tafasa ta. To, Hajiya, ke da kike jiƙa wuƙa a tafasasshen ruwa don kitse ya fita, kin ga abin da kike yi wa aikin maigida. Mai tsire da ke ajiye tasa a gefen garwashi, kai ma ka ji. Kai kuma Alhajin da ya sayo sabuwar wuƙa ya jefa gaban gilashin mota, ya kulle, ya shiga canjin dala a Zone 4 da tsakar rana, cikin motar nan yana iya wuce digiri 60 ɗin cikin sauƙi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai sayen gam mafi tsada ya shafa kan maiƙo. Babu gam ɗin da ke kama kitse. Wutsiyar ƙarfen sai an goge ta da sanfefa mai kaushi ko magagari har ta yi kaushi, a kankare tsatsa da ragowar tsohon gam, a goge da sipirit ɗin kemis. Ban da kananzir, don shi kansa mai ne. Icce ma a karce cikinsa, kuma ya zama busasshe. A matso bututun biyu daidai wa daida. Akwai masu ƙara mai daskararwa wai don ya fi ƙarfi, sai ya tashi da danƙo har abada. A juya sosai har launi ya zama ɗaya. Wajen matsewa kuma a tausaya, don mai ɗaure ƙota da dukan ƙarfinsa yana tatse gam ɗin ne ya fito waje, ya bar icce da ƙarfe suna kallon juna. A share wanda ya tsiyayo tun yana ɗanye, kada a bar shi a fata, kada kuma wuƙar ta taɓa abinci sai ya gama kamawa.

Kada 'yan ɓangarena su yi saurin tafi, don akwai kashinku a gaba. Ko mai nawan ba a barinsa shi kaɗai, sai da ƙusa biyu ko uku na tagulla da suka ratsa icce da ƙarfe. Ɗakin wasannin nan na Sydney a Ostareliya, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa, wanda aka buɗe a 1973, da Araldite aka haɗa gaɓoɓin kankaren haƙarƙarinsa. Amma injiniyoyin ba su tafi gida sun bar wa gam amana ba, sai da suka zura igiyoyin ƙarfe ta ciki suka ɗaure. Ƙusa ce ke karɓar duka, gam ya hana motsi ya hana ruwa.

Mai shakka ba sai ya yarda da ni ba, gani ya kori ji. Ya samo guntayen ƙarfe uku da guntayen icce uku, ya liƙa kowanne da nasa gam, ya ba su kwana biyu. Ya jefa su bokitin ruwa su yi mako, ya fito da su ya bar su a mota su sha rana, sannan ya ɗauko guduma ya bugi kowanne ta gefe. 

Saura mutanen Kano, abokan wasa, da na hango tun ɗazu suna lissafi a tafin hannu: gam ya kusa kuɗin wuƙa, ga ƙusa, ga kwana guda babu aiki, ai gara a sayi sabuwa. Mu Zagezagi mun saba haƙuri da ku, ko sunan garin nan da kuke ciniki a ciki na Abu Ja ne, ɗan gidan sarautar Zazzau, aro aka yi, tsohuwar Abuja ta koma Suleja ba mu ce uffan ba. In wuƙar ta gwangwani ce mai lanƙwashewa a albasa, lissafinku daidai ne, ku jefar. In kuwa ƙarfen kirki ne mai riƙe kaifi, sabuwar da za ku saya da arha ita ma da ƙotarta mai girgiɗi za ta zo, bututu biyun nan kuma za su gyara wuƙaƙen gidan duka har da na maƙwabta, in kun yarda ku ba su kyauta, abin da ban sa rai ba.

Ku sayi mai nawa, ku goge ƙarfe, ku sa ƙusa, ku bar shi ya kwana. Kuma don Allah a yi aikin tun ana saura mako a yi Layya, ba daren jajibere ba.