Yadda Ake Neman Izinin Kama Abin da Gwamnati Ke So a Kawar

Idan wata rana ka tsinci kanka a bakin wani kogi a kudancin Ingila, ka hango wata halitta mai ƙafa takwas da hannu biyu kamar awartakin maƙeri tana tafiya a ƙasan ruwa, kada ka miƙa hannu tukuna. Daga lokacin da ka ɗaga ta, duk abin da za ka yi da ita akwai doka a kansa, har da mayar da ita inda ka same ta.

Sunan halittar kirefish. Ba busasshen nan da ake dakawa a zuba a miya ba, wancan ƙananan jatan lande ne na teku. Wannan a ruwan daɗi yake zaune, kuma babbansa yakan kai santimita 16. Iri biyu za ka riƙe a ranka. Akwai ɗan gida, mai fararen awartaki, wanda shi kaɗai ne ɗan asalin Birtaniya, kuma doka na kare shi. Akwai baƙo, wanda ake kira mai sigina saboda farin tabon da ke mahaɗar awartakinsa, kuma doka na farautarsa. Da baƙon za ka yi hulɗa.

Ka fara sanin cewa ba da ƙafarsa ya zo ba. Asalinsa kogunan arewa maso yammacin Amurka ne, wajen Oregon da Washington. A ƙarni na 19 wata annoba ta ɓulla a Italiya, wata irin fumfuna ce ta ruwa mai suna Aphanomyces astaci, ta bi kogunan Turai tana kashe kirefish. A 1907 ta isa Suwidin, ƙasar da duk watan Agusta ake bikin cin kirefish. Da nasu ya ƙare, sai suka nemo irin da annobar ba ta kashewa, suka samo mai sigina daga Amurka wajen 1960. Dalilin da ya sa ba ta kashe shi shi ne, ya daɗe yana ɗauke da ita a jikinsa. A 1976 aka kawo shi Ingila daga Suwidin don a yi kiwonsa a tafkuna a sayar wa gidajen abinci. An zuba shi a tafki bisa zaton cewa abin ruwa a ruwa yake tsayawa. Mai sigina kuwa yana fita ya yi tafiya a kan damshin ciyawa da dare har ya iske wani ruwan. Cikin shekaru kaɗan annobar ta fara share ɗan gida daga kogi zuwa kogi, inda ta sauka a 'yan makonni ba ya saura. Inda annobar ba ta kai ba, baƙon ya fi shi girma, ya fi shi haihuwa, ya ƙwace masa maɓoya. Yana cin ƙwan kifi, yana kuma haƙa rami mai tsawon da ya kai mita 2 a gaɓar kogi har gaɓar ta rufta.

To yanzu ka gane inda aka tsaya. Gwamnati na so a rage shi. Kai kana so ka ci shi, kuma yana da daɗi. Za ka yi tsammanin magana ta ƙare, sai ɗaukar bokiti. Ajiye bokitin, ɗauko alƙalami.

Abu na farko, izini daga Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila. Akwai fom, kuma ba a biyan ko sisi. Za ka rubuta ko kai wane ne, da daidai wurin da za ka ɗana tarko, da yawan tarkunan, da lokacin, da abin da kake nufin yi da abin da ka kama. Hukumar za ta duba taswira. Idan ruwan da ka zaɓa yana yankin da ɗan gida ya rage, kamar yawancin arewacin Ingila, da wuya ta ba ka, domin tarko ba ya tambayar asali kafin ya kama. Idan yankin da baƙo ya riga ya cinye ne, akwai fata. Wato izininka ya fi sauƙin fitowa a inda aka riga aka rasa abin da ake karewa. Ka rubuta wannan, yana taimakawa wajen zaɓen kogi.

Izinin hukuma bai ba ka damar taka gaɓar kogin ba. A Ingila gaɓa da ƙasan yawancin koguna mallakar mutane ne, haƙƙin kamun kifi kuma sau da yawa yana hannun wata ƙungiyar masu fatsa daban. Saboda haka za ka nemi yardar mai fili, ka nemi ta ƙungiyar in akwai. Idan wurin na cikin filayen da aka keɓe don muhimmancinsu ga kimiyya, akwai wata hukumar kuma da za ta sa hannu. Kirefish ɗin bai nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba lokacin da ya shiga, amma kai mutum ne mai adireshi.

Sai tarko. A nan ka samo abin awo. Tarkon raga ne mai baki irin na mazurari, mai sauƙin shiga da wuyar fita. Tsawonsa kada ya wuce santimita 60. Faɗinsa kada ya wuce 35. Idon ragar kada ya wuce santimita 3. Bakin shiga kada ya wuce santimita 9.5, in ya wuce dole a sa masa makari. Ba a zaɓi wannan rabin santimita don a wahalar da kai ba. Kan karen ruwa aka duba. Karen ruwa na cin kirefish, idan ya ga an tara masa su wuri guda zai cusa kai, idan kan ya shige jiki zai bi, kuma tunda da huhu yake numfashi, zai nutse a ciki ya mutu. Dabba ce da ta kusa ƙarewa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20, aka sha wahala kafin ta farfaɗo, kuma kashe ta na iya kai mutum kurkuku wata 6. An sha tsamo gawar karen ruwa daga tarkunan da aka saya da arha aka jefa ba izini, wani lokaci uwa da 'ya'yanta. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya auna bakin tarkonsa sau biyu.

Akwai kuma ɓeran ruwa, shi ma doka na kare shi, shi kuma ya fi karen ruwa ƙanƙanta, santimita 9.5 ba ta hana shi shiga. Kada ka ɗana kusa da raminsa. An kuma ba da shawarar ka huda rufin tarkon don in ya shiga ya samu mafita. Za ka tambaya ko kirefish ba zai bi ta hujin ya fita ba. Wasu za su fita.

Idan izininka ya fito, za a aiko maka da lamba ga kowane tarko. Ka ɗaura ta a jiki kafin ya taɓa ruwa, domin tarkon da ba lamba jami'i zai ɗauke. Sa koto, kan kifi ya wadatar. Kada ka sa kirefish a matsayin koto, a tarko ko a ƙugiya, a raye ko a mace, an hana. Ka riƙa duba tarkon aƙalla sau ɗaya cikin awa 24.

Mu ɗauka ka ja igiya da safe ka ga tarko ya cika. Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, sai mu bi a hankali.

Ɗauki ɗaya ta bayan awartaki ka juya shi. Idan ƙasan awartakin fari ne ko ya ɗan yi ruwan hoda, ɗan gida ne: mayar da shi ruwa nan take, riƙe shi laifi ne. Idan ƙasan ja ne kuma akwai farin tabo a mahaɗa, baƙo ne: kada ka mayar da shi ruwa, sakinsa laifi ne. Dokar kare namun daji ta 1981 ce tushen duka biyun. Idan ƙarami ne har launin bai fito sosai ba, ka ƙara dubawa, domin ɗaya daga cikin laifukan biyu na jiranka a kowane ɓangare.

Mu ce baƙo ne. Ka san ba za ka sake shi ba. Za ka ce to bari in kai shi gida. Tun 1 ga Disamba 2019, da sabuwar dokar baƙin halittu masu mamaya ta fara aiki, mai kama na cin gida ba ya tafiya da shi a raye. Ba ka ajiye shi a raye, ba ka ba wa maƙwabci a raye, ba ka sayarwa. Ga shi a hannunka, ruwa a gabanka an hana, hanyar gida a bayanka an hana. Abin da ya rage ɗaya ne, ka kashe shi a nan inda ka tsaya. Wannan hukunci bai tsaya kan mai tarko ba. Mai fatsa da ya fito neman kifi, baƙo ya maƙale masa a koto ba da nufinsa ba, shi ma ya shiga ciki.

Kashewar ma da ladabinta. A 2022 majalisar Birtaniya ta amince a doka cewa dangin ƙaguwa da kirefish halittu ne masu jin zafi. Saboda haka ka yi da sauri, da bugu ɗaya mai ƙarfi a kai, kada ka bar su a tulin bokiti a rana. Kuma ka duba ƙarƙashin wutsiyar mace. Tana ɗaukar ƙwai 200 zuwa 400 tun daga kaka har cikin bazara, bayan sun ƙyanƙyashe ma 'ya'yan kan manne mata na ɗan lokaci. Kada ko ɗaya ya faɗa ruwa.

Ka cika fom, ka auna, ka ɗaura lamba, ka juya, ka kashe. Yanzu kana da damar tambaya ko ka taimaki kogin. Ga lissafin. Tarko yana kama manya, galibi maza, domin su ne masu ƙarfin halin shiga, kuma in sun shiga ƙanana ba sa kusantowa. Manyan nan kuwa suna cin 'ya'yan jinsinsu. Idan ka kwashe su, ka kwashe masu cin ƙananan, ƙananan sun samu fili da abinci, sun girma sun haihu. A 2020 masu bincike daga jami'o'in Landan suka wallafa abin da suka gani a wani ƙaramin rafi a arewacin Yokshaya. Sun tare ruwan, suka zuƙe shi sau uku a jere, suka ƙirga duk abin da ya fito. A wani wuri sun samu 110 a murabba'in mita ɗaya. Waɗanda girmansu ya isa tarko ya kama ba su wuce kashi 2.3 cikin 100 ba. Tarkonka, mai lamba da izini da baki daidai awo, yana hulɗa ne da biyu ko uku cikin kowane ɗari, kuma su ne waɗanda ke rage sauran.

Daga nan za ka fahimci wani aiki da aka yi a kogin Barle, a yankin Exmoor. Can masu aikin sa kai, da lasisi na musamman, suna kama manyan maza, su cire musu gaɓoɓin barbara, su mayar da su ruwa. Namijin ya koma ya ci gaba da korar ƙananan maza daga mata, ya ci gaba da cin 'ya'ya, amma ba ya barin baya. Abin da kai za ka yi a kama ka, su da takarda suke yi. Kada ka kwaikwaye su da almakashin gida.

Idan kuma kana tunanin ka haura arewa zuwa Sukotland, inda tafkin Loch Ken ya cika da su har masu fatsa suka yi ta kuka, ka sani can ba a ba da izinin kama su don ci ko sayarwa. Mutanen yankin sun roƙa, an ƙi. Hujjar hukuma ita ce, duk abin da ya zama kuɗi wani zai so ya same shi kusa da gidansa, sai ya ɗebi kaɗan a bokiti ya kai wani tafkin. Na yarda da wannan hujja, domin tarihin halittar a Turai kusan duka a bokiti aka rubuta shi.

Saura aiki ɗaya, kuma ya fi duk na baya nauyi. Ƙwayoyin annobar suna rayuwa kwanaki a kan jiƙaƙƙen takalmi, da raga, da igiya. Kana iya kashe baƙo ɗari a kogi ɗaya ranar Asabar, ka taka wani rafi ranar Lahadi da takalmin da bai bushe ba, ka ƙarar da 'yan gidan da ke cikinsa ba tare da ka ga ko ɗaya ba. Don haka kafin ka bar bakin ruwa ka duba kayanka, ka kakkaɓe laka da ciyawa a nan. A gida ka jiƙa su a ruwan zafi mai digiri 45 na minti 15. Sannan ka shanya su su bushe ƙarau, su ƙara awa 48 a bushe, kafin su shiga wani ruwa. A Ingila, inda ake ruwan sama a kowane wata na shekara, ka tanadi wurin shanya mai rufi tun kafin ka aika da fom.