Rassan libaralanci a gaban tiyar hatsi

Aƙidar libaralanci magana guda ta kafa: a bar mutum da ransa da bakinsa da dukiyarsa. Daga nan ta yi rassa, kuma ba su cika gaisawa da juna ba. Mai son bambance su ya tsayar da su a kasuwar Cadakori cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya tambaye su wa zai yanka farashin tiyar hatsi.

Reshe na farko, na John Locke da Adam Smith mai littafin 1776, zai ce kasuwa. Aikin hukuma ta kama ɓarawo, ta duba kada a lotsa gindin tiya, sannan ta koma ofis. Alhazan Maraɗi sun daɗe suna aiki da wannan karatu ba tare da sun sayi littafin ba.

Na biyu ya tsiro a Ingila ƙarshen ƙarni na 19. Shi ya lura cewa talaka na da cikakken 'yancin sayen buhu goma, kuɗin ne kawai babu. Saboda haka yake son hukuma ta gina lakwal da asibiti, ta kuma ajiye tsaba don baƙar shekara.

Na uku, na Hayek da Milton Friedman, ya iso Nijar a shekarun 1980 a hannun Bankin Duniya da IMF. Aka rage wa hukumar abinci ta OPVN iko kan cinikin hatsi, SONARA mai sayen gyaɗa ta durƙushe, a Janairun 1994 kuma aka raba darajar sefa biyu. A 2005 akwai hatsi jibge a kasuwannin Maraɗi yayin da tamowa ke kashe yara. Hukuma ta fara da sayarwa a farashi mai rahusa don kada hankalin kasuwa ya tashi, rabon kyauta sai daga baya. Wannan ba na yafe wa reshen nan.

Amma a ba na farko hakkinsa kan batun mallaka. A Ɗan Saga da ke Agiye, a da, muddin itacen gona na malamin daji ne, manomi tumɓuke shi yake yi tun yana tsiro. Da ya tabbata nasa ne, sai ya riƙa sassabe yana kewaye kututture, gawo da kalgo suka dawo cikin gonaki.