Ƙarfen Labule Mai Kunama

Bayan an gama rabon gadon kakanmu a ƙauyenmu da ke bayan garin Shagari, sai aka fito da tarkacen ɗakinsa aka baje a tsakar gida, aka ce jikoki kowa ya ɗauki abin tunawa. Wani ya ɗauki butar alwala, wani carbi, ƙanena da ya fi ni wayo ya rungume keken Raleigh wanda har yau yake kai shi gona. Ni kuwa, ɗan boko mai aiki a Abuja, tun da aka buɗe ɗakin idona yake kan abu guda: tsohuwar adakar da ke rataye bisa gadon tsoho, doguwa, baƙa ƙirin, da laya biyu ɗaure a gindinta.

Tun muna yara muke jin labarinta. An ce da ita aka je Giginya ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da sojojin Turawa suka auka wa Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Wanda ya fara faɗa mana haka na manta shi, amma ni na fi kowa yaɗa maganar. A ofis babu wanda bai san da bindigar kakana ba. Kafin ma in taho gida na sa kafinta ya kafa mini manyan ƙusoshi biyu a bangon falo, daidai inda duk baƙon da ya zauna zai ɗaga kai ya gani, ya tambaya, ni kuma in gyara zama.

Da na saɓo ta, Baffa ya dube ni ya dubi bindigar, ya ce, “Mi za ka yi da ita can Habuja? Akwai tsuntsaye?” Na yi dariya irin ta wanda ya yi karatu, ina tausayin tsohon da bai san darajar kayan tarihi ba. Ya ƙara da cewa, “Ɗan nan, bindiga ba ta son kwalta.” Na ce masa kada ya damu, ina da katin aiki.

Dabarar ɓoye ta ni kaɗai na ƙulla da dare. Na naɗe ta cikin tabarma, na ɗaure da igiya a wuri uku. Matsalar ita ce adaka ta fi tabarma tsawo da kusan kamu ɗaya, bakinta ya leƙo waje. Sai na cire safata baƙa na zura masa. Na ja da baya na duba aikina a hasken tocila, na gamsu. Duk mai hankali da ya ga tabarma sanye da safa ƙafa ɗaya, a ganina na wannan daren, zai wuce abinsa.

Da safe na shiga motar haya daga Shagari zuwa Sakkwato, inda zan sami ta Abuja. Na biya kuɗin mutum biyu na zauna gaba ni kaɗai, saboda girma. Direba ya cusa tabarmar tsakanin buhunan albasa, ya ɗaure but da igiya, safar tana kaɗawa a iska kamar tuta.

Da na yi shiru, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma muna shiga ƙasar Bodinga, aka doshi Sifawa, sai malantar ta motsa. Na juya baya na fara yi wa fasinjoji darasi: nan fa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna Bodinga. Mutanen da aka haifa a wurin, suke noma a wurin, su nake koya wa. Wata dattijuwa mai kaji biyu a kwando tana ta cewa “Ikon Allah,” ni kuma na ɗauka sha’awa ce. Daga Sifawa na tsallaka Giginya, daga Giginya na rage murya na ce, “Ai ko a motar nan akwai abin da ya ga wannan rana da idonsa.” Direba ya kalle ni ta gefen ido, ya kalli madubi, bai ce komai ba. Baki shi ke yanka wuya.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge: tsofaffin tayoyi, buhunan yashi, da katako mai ƙusoshi a gicciye. Babu wanda ya yi mamaki. Duk wanda ya san abin da mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo suka gani a shekarun nan ya san dalilin da ake leƙa but ɗin mota. Wani matashin jami’i ya zagaya baya, ya daɗe. Sai muka ji muryarsa:

“Wa ke da tabarmar nan mai safa?”

Na tsura wa gilashin gaba ido kamar ina karanta wani abu a jikinsa. Motar ta yi tsit, har kajin. Can dattijuwar nan ta ce, cikin ladabi da son taimako, “Ta malamin tarihi ce, ɗana. Ga shi nan gaba.”

Na fito ina gyara hula. Ya ce mene ne a ciki. Wallahi ban shirya amsar ba, ita ta fito da kanta: “Ƙarfen labule ne.” Ya kwance igiya ta farko, ta biyu, ta uku, tabarma ta warware a gefen titi. Ya tsuguna ya duba, ya taɓa layun da ɗan yatsa, ya ɗago ya ce, “Alhaji, labulen gidanku da kunama ake buɗe shi?”

Aka kira babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu da ke zaune kan benci ƙarƙashin dogon yaro. Aka sauke jakata, direba ya ce zai jira minti biyar, ya jira uku. Ina kallo motar ta tafi da albasarta da kajinta da kuɗin kujera biyu.

Na fara da katin aiki. Ya karɓa ya duba gaba da baya, ya ce hoton ya yi kyau, ya miƙo mini. Na koma Turanci, ya amsa mini da wanda ya fi nawa tsabta. Daga nan na jawo Giginya. Na ce, “Yallaɓai, wannan ba bindigar banza ba ce, ta yi yaƙi, ta zubar da jini.” Sai da maganar ta fita na ji yadda take a kunnen mutumin da aikinsa neman bindigogin da suka zubar da jini ne. Ya ce wa yaronsa ya rubuta.

Sannan ya karanta mini karatun da ban taɓa nema ba duk tsawon shekarun da na yi ina yawo da labarin adaka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin na farauta masu harsashi, lasisinsu na wajen Sufeto Janar. Sai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, su kuma maganarsu tana hannun Kwamishinan ’Yan Sanda na jiha. Ya tambaye ni wace takarda nake da ita cikin ukun. Na ce gado ce. Ya ce gado ba ya cikin ukun. Ya ci gaba da cewa akwai dokar soja ta 1984 a kan fashi da makami da riƙe bindiga ba izini, hukuncinta tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun.

Da na ji 20,000 sai raina ya ɗan kwanta, har hannuna ya doshi aljihu. Lokacin da aka rubuta dokar, kuɗin nan sabuwar mota suke saye. Yau ko buhun shinkafa ba su kai. Sai na tuna da ɗaya rabin jimlar. Naira ta faɗi, amma shekara goma tana nan a farashinta na 1984.

Nan take na sauya sheƙa. Mutumin da ya gama rantsuwa cewa bindigarsa ta tari Turawa, shi ne ya koma rantsuwa cewa ba bindiga ba ce sam, itace ne da tsatsa, ko ɓera ba za ta kashe ba. Dattijon ya ce, “To Malam, zaɓi ɗaya mu rubuta.” Na rasa wanda ya fi sauƙin ɗauka, kurkuku ko kunya.

Abin da ya fi ci mini rai a zaune a kan bencin nan shi ne kalmar da na ji wani mai tallan rake ya faɗa wa abokinsa: “An kama ɗan bindiga.” A da, in an ce ’yan bindiga, ana nufin mutanen fada masu cika gari da ƙara da hayaƙin albarushi ranar hawan sallah, yara na bin su a guje. Yanzu kalmar ta koma daji ta zama abin da ake rufe ƙofa saboda shi. Ga ni da gilashi da takalmi sau-ciki, safa ƙafa ɗaya don ɗayar tana bakin makami, na shiga sahu.

Aka ba ni dama na kira gida. Bayan azahar sai ga Baffa a bayan babur, tare da wakilin mai gari. Bai ko dube ni ba. Ya gaisa da dattijon, suka tambayi juna gida da damina, sannan ya ɗauki adakar ya juya bakinta ƙasa ya bubbuga. Busasshiyar laka ta zubo, gidan zanzaro ne, har da gawar mai gidan.

“Yallaɓai,” in ji Baffa, “wanga yaro bai da mugun nufi, wauta ce tai mai yawa. Bindigar ga, gabana anka ƙera ta. Zamanin Shagari na mulki, tsoho ya sawo bututun ruwa Sakkwato ya kai wa maƙeri. Jan-baki yaka kora da ita ga gero.”

Shagari ya yi mulki daga 1979 zuwa ƙarshen 1983. Na yi lissafin a zuci, na sake yi, ko zai canza. Bindigar da ta je Giginya ta makara da shekara kusan tamanin. Ni kaina na girme ta. Dattijon ya kankare tsatsar gindin bututun da makulli, sai ga zaren da ake murɗa kan famfo, ɓaro-ɓaro.

Na ce, “To Baffa, layun fa?”

Ya ce, “Na ciwon baya ne. Nan yaka rataye su kar su ɓace.”

Matashin jami’in ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuma, don in ceci ko da ƙyallen mutunci, na ce ai tun farko na faɗa musu ƙarfe ne kawai. Dattijon ya ce a’a, ko da bututun famfo aka yi ta, muddin tana cin albarushi tana da kunama, bindiga ce a wurin doka. Wato a tarihi ba komai ba ce, a kotu kuwa cikakkiya ce. Ta ko’ina na faɗi.

Aka rubuta bayani, na sa hannu, wakilin mai gari ya tsaya mini. Adakar ta zauna a hannun hukuma sai an kawo takarda, takardar kuwa ba ta kusa, tunda a watan Agusta 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Tabarmar aka ba ni. Safar na bar musu.

Tafiyar Abuja da makami ta ƙare ban fita ƙaramar hukumar Bodinga ba. Na koma ƙauye mu uku a kan babur, ni a tsakiya, Baffa a bayana yana ba ɗan acaɓa labarin tun daga farko, da ƙarfi saboda iska. Kafin magariba yaran unguwa sun raɗa mini Sarkin Yaƙin Giginya, kuma sunan ya riga ni isa Abuja ta wayar ƙanena mai keke.

A ofis na ce musu gidan tarihi ne suka roƙe ni in bar ta a jiha, na ga bai kamata in hana al’umma ba. Wannan bayanin ya yi kwana huɗu yana aiki.

Ƙusoshin nan biyu suna bangon falo har yanzu. Uwargida ta rataye faifai a ɗaya, ɗayan kuma kalandar masu sayar da taki.