Sannu da Ƙoƙari, Jirgin Ƙonni

Duk wanda ya ce ba a yi wa mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela gata ba, to bai san jirgin ƙasanmu ba. Jirgi ne mai ladabi. Bai taɓa makara ba, bai taɓa gocewa daga kan dogo ba, bai taɓa buge saniyar makiyayi ko ɗaya ba a dajin Tsarnawa. Ko jariri kukansa bai taɓa tayarwa daga barci ba.

Kanawa su ne abin tausayi. Tun 1911 dogo ya iske su har gida, Ƙauran Namoda ma a 1929 aka kai mata nata. Da aka farfaɗo da jirgin fasinja na mako-mako tsakanin Legas da Kano a Disambar 2012, sai ka ga bawan Allah ya biya kuɗi kaɗan ya zauna fiye da awa 30, ya ci kilomita sama da 1,100, kayansa na gefensa. Mu kam an raba mu da wannan wahala.

Hikimar ta manya ce, kuma ta daɗe. A 1959 Nijar da Dahomey (Benin ta yau) suka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa, wadda daga baya aka sani da OCBN. Dogon ya taso daga Kwatano ya yi kilomita 438, ya ja burki a Faraku, bai taka ƙasar Nijar ko da taku ɗaya ba. Ina aka taɓa ganin tattali irin wannan, ka mallaki jirgi amma bai ci maka ko kadada guda ba?

Sai Allah ya ba mu namu shugaban ƙasa, Issoufou Mahamadou, ɗan Dandaji ta nan Illela. A Afrilun 2014 aka buɗe tasha a Yamai tare da kamfanin Bolloré na Faransa, a Janairun 2016 aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, kilomita 143. An yi kiɗa, an yi guɗa, manya sun hau, an ɗauki hoto. Daga nan aka adana dogon da kyau, don kada zirga-zirgar talakawa ta cinye shi. Bai haɗu da na Faraku ba, aka yi ta shari'a a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin. Da ya tsaya a Doso ma kunya ce ta ɗan halak, kada a ce an fifita gida.

Ribar kuwa a fili take. Manomin albasar Galmi ya koyi haƙuri, yana tsugune gindin buhunansa yana jiran gingimari, rana na dafa rabin guminsa. Simintin Malbaza yana bin kwalta a bayan manyan motoci, yana buɗa mata ramuka, bakanikai da masu faci suna samun na tuwo. Mara lafiyar da za a kai asibitin Galmi shi ma yana samun jijjiga kyauta kafin ya ga likita.

Tun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi. A duk faɗin jahar Tawa kuwa, shekara fiye da 60 bayan samun ƴancin kai, babu ko mita ɗaya ta dogo. Jama'a, duk wanda ya sake zuwa Ƙonni da alƙawarin jirgi, kafin a tafa masa a tambaye shi ranar da za a sayar da tikitin farko.