Yadda Ake Haɗa "Abincin Kwikwiyo" na Amurka Har Ya Kai Ranar Kirsimeti

A jihohin tsakiyar Amurka, daga bikin godiya na ƙarshen Nuwamba har zuwa Kirsimeti, ana haɗa wani kayan maƙulashe a gida mai suna puppy chow, wato abincin kwikwiyo. Na mutane ne. Hasali ma kare ne aka haramta wa shi a gidan, domin cakulan na ɗauke da sinadarin tiyobromin, wanda jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri, har yakan kashe shi. Ginshiƙin haɗin shi ne Chex, wasu 'yan ƙananan murabba'ai masu ramuka da ake yi da shinkafa ko masara ko alkama, ana cin su da madara da safe. Kamfanin Ralston Purina ne ya fara yin su, kamfanin da duniya ta fi saninsa da abincin dabbobi, don haka sunan bai rasa dangi ba. General Mills, mai Chex a yau, yana kiran haɗin Muddy Buddies, amma iyayen gida da yawa ba su bi shi ba.

Ma'aunin da aka saba shi ne kofi 9 na Chex, kofi 1 na ƙwayoyin cakulan, rabin kofi na niƙaƙƙiyar gyada (irin tunkuza, sai dai ba a matse mata mai ba), kwatan kofi na bota, ƙaramin cokali na banila, da kofi ɗaya da rabi na garin sukari mai laushi. Wannan lissafi an yi shi ne da zaton mai girki waliyyi ne. Mai hankali yakan sayo kowane abu ninki biyu, musamman cakulan, wanda ke da wata ɗabi'a ta raguwa tsakanin leda da tukunya ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Narkar da cakulan shi ne wurin da ake kunyata gwanaye. Ana zuba shi da gyadar da botar a kwano, a sa a na'urar ɗumama abinci na daƙiƙa 30, a fito a motsa, a mayar, har ya yi sumul. Wanda ba shi da na'urar sai ya ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi, wuta kaɗan-kaɗan. Abu biyu cakulan ba ya yafewa: wuta mai yawa da ɗigon ruwa. Ɗigo ɗaya daga jiƙaƙƙen cokali ya isa sukarin cikinsa ya dunƙule, ya koma kamar laka ta bushe. Idan haka ta faru, ƙa'ida ita ce mai girki ya cinye shaidar a tsaye, da sauri, kafin wani ya shigo kicin. Ganin cewa fiye da rabin kokon duniya daga Kodebuwa da Ghana yake fitowa, bayan wahalar manoma da tafiyar teku, zubar da shi a shara rashin mutunci ne.

Sai a kwarara narkakken cakulan kan Chex, a juya a hankali kamar ana lallashin amarya, don da ƙarfi murabba'an za su farfashe su zama gari. Daga nan a juye cikin babbar leda mai zif, a zuba garin sukari, a rufe, a girgiza. Kalmar "a rufe" ita ce mafi muhimmanci a duk darasin. Yara ne ke neman aikin girgizawa, kuma su ne ba sa duba bakin leda. Kicin ɗin da aka yi wannan kuskure a cikinsa yakan fi hazon hunturu fari.

Gishiri yana shigowa ne bayan haɗin ya huce a faranti mai faɗi. A zuba firezal, wato busasshen biskit ɗin nan mai gishiri da aka naɗe kamar ƙulli, wanda Jamusawa suka kai jihar Pennsylvania, da soyayyiyar gyada mai gishiri, da alewar M&M's ja da kore ta lokacin Kirsimeti. Masana ɗanɗano sun ce gishiri na danne ɗacin koko, yana fito da zaƙi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, zaƙi zalla yana gundurar harshe, mutum ya tsaya; gishiri kuwa yana wanke harshen, ya mayar da hannu cikin kwano. Ke nan an ƙirƙiri haɗin ne musamman don kada a iya barin sa.

Saura ajiya. A cikin gwangwani mai murfi yakan yi mako guda ko fiye, in ana maganar lalacewa. In ana maganar mutanen gida, kwana biyu. Mafi amincin maɓoya ita ce robar da aka rubuta wa "kayan lambu", a can ƙuryar firji. Kama ɓarawo ba ya buƙatar bincike, garin sukari na tona asiri a leɓe da gaban riga, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa shiga kicin da baƙaƙen kaya a watan Disamba.

Abin da ya tsira ana zuba shi a kwalabe, a ɗaura jan zare, a kai wa maƙwabta da malaman makaranta. Wajibi ne a rubuta cewa akwai gyada a ciki, wannan kam ba wasa ba ne, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ta, ƙwaya ɗaya na iya kai su asibiti. Girman kwalba kuwa, ba a yanke shawararsa sai an ga abin da ya rage. A mafi yawan gidaje ƙarama ake saya.